Ba a Ƙwace wa Yaro Garma: Yadda Gwani Ke Wasa da Ɗan Koyo

 

Sharhinmu na yau a kan wasa ne, amma kada kowa ya yi saurin murɗa akwatinsa. Me ya sa gwani yakan sha kashi a hannun ɗan koyo? Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dara ko ta karta ya ga haka. Mutum ya shekara ashirin yana kayar da manya, sai ga yaron da jiya-jiya ya koyi jera 'ya'ya ya zo ya ba shi kunya a bainar jama'a. 'Yan kallo su ce sa'a ce. Wani lokacin sa'ar ce kuwa. Amma sau da yawa gwanin ne ya kayar da kansa, don ya yi wa yaro irin wasan da ake yi wa gwani.

A cikin bayanin zan taɓo kartar nan ta Amurkawa da ake kira foka, wadda galibi da kuɗi ake yin ta. Ba talla nake yi mata ba. Hukuncin caca yana nan a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, da aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, kuma a garin malamai irin Zariya ba ni ne zan karantar da wannan ba. Na ɗauko ta ne don babu wasan da aka zauna aka yi wa lissafin yadda ake cin mai rauni kamarta. In kun biyo ni, lissafin nan zai kawo mu har bakin titin unguwarmu.

Mu fara da tamu ta gado. Darar maza gida talatin ce, layi biyar, kowane layi gida shida, a haƙa a ƙasa ko a sassaƙa a katako. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. A yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. In an gama sai a fara tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a bi ta karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda. Huɗu a jere ba ci ba ne. Ba a jefa ɗan ludo, babu kati a kife, komai a fili yake a gaban kowa. To ta ina ɗan koyo zai samu gwani?

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, da ke zama a gindin wata darbejiya ta wajen kasuwa bayan la'asar. In ya zauna da tsaransa, wasan abin kallo ne. Za ka ga ya tura kara guda hagu, ya sake tura wani, kamar can zai yi gini. Abokin wasan ya hango, ya janyo tsakuwa biyu ya tare. Kafin ya ankara, ashe a dama ake yin ginin gaske, wurin da tsakuwar nan biyu suka bari. Ran nan wani saurayi ɗalibi ya zauna a gabansa, yana ta murza hannu. Dattijon nan bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba. Ya dasa karansa a tsakiya, ya bar wa saurayin gefe da kusurwa, ya yi ta tafiya a miƙe kamar bai iya ba. Wani daga cikin 'yan kallo ya kasa haƙuri ya ce, "Baba, yau ba mu ga irin taka ba." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ai wanda ke kallonka ake ƙyafta wa ido."

Ku duba abin da yake nufi. Barazanar ƙarya tafiya guda take ci maka. In da gwani kake wasa, ka sayi abu da ita, domin zai gani, zai tsorata, zai ɓata tafiya ɗaya ko biyu wajen tarewa. Shi kuwa ɗan koyo bai ma ga barazanar ba, balle ya tare. Idonsa na kan layinsa kaɗai. Ka ba shi tafiya kyauta ke nan. Ka yi haka sau biyu, sai ka ga ya jera uku ya ɗauke maka ɗan da ka fi ji da shi, yana dariya, bai san ɓarnar da ya yi ba. Amma wannan makantar tasa ita ce ribarka. Wanda bai ga barazanar ƙarya ba, ta gasken ma ba zai gani ba. Saboda haka a gabansa ba ka yin komai sai na gaske.

Sauran aikin shi zai yi maka da hannunsa. Ɗan da ke tsakiya hanya huɗu gare shi, na gefe uku, na kusurwa biyu kacal. Saurayin nan ya cusa tsakuwarsa wuri guda har suna tare wa juna hanya, sau ɗaya ma ya jera huɗu ya miƙa hannu zai ci, aka ce masa a'a. Shi kuwa Baba yana can yana haɗa kara biyar: biyu a wannan layi, biyu a layin da ke maƙwabtaka, na biyar a tsakani. In ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku. Daga nan kowace tafiya ci ce, sai dai a tattara a sake sabo. Ba a ƙwace wa yaro garma, in ta yi masa nauyi shi zai ajiye.

To mu koma teburin mai shayi da daddare, inda samari ke buga Whot. Da yawa suna ɗauka a nan ƙasar aka haife ta. Wani Bature ne ɗan Ingila, William Henry Storey, ya ƙirƙiro ta, aka yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta. A can ta ja baya, a nan ta samu gida. Kati 54 ne: bol goma sha biyu, angul goma sha biyu, kuros tara, kafet tara, sita bakwai, sai mai lamba 20 guda biyar. Babu shida, babu tara a cikin lambobin.

Ƙidayar nan da na yi muku, yawancin masu bugawa ba su taɓa yin ta ba, kuma nan ne bambancin yake. Ɗan koyo yana samun 20 zai jefa, ko bai matsu ba. Yana samun biyu zai buga ta da ƙarfi a kan benci yana ihun "fik tu", bai ajiye ta don kare kansa ba. Ba ya lura da irin zanen da ya tura abokin wasansa kasuwa. Kasuwa na shirin ƙarewa yana riƙe da 13 da 12 da sita, alhali in aka zo ƙirga, sita ninki biyu ake lissafa ta. Wani ma sai ya manta bai ce "las kad" ba, a tura shi kasuwa yana rantse-rantse.

Tsakanin gwanaye akwai yaudara mai daɗi. Mutum na da bol a hannu amma ya tafi kasuwa da gangan, don abokin wasa ya ɗauka ba shi da ita, in ya samu 20 ya kira bol, ya faɗa rami. Gwada wannan a kan sabon shiga ka gani. Bai san ka je kasuwa a kan bol ba, yana can yana amsa waya. Ka ƙara wa kanka kati a banza. Abin da ya dace da shi mai sauƙi ne: ka zubar da manyan lambobi da wuri, ka riƙe 20 da biyu har ƙarshe, ka tuna zanen da ya rasa, ka yi ta kiransa.

Yanzu foka. A nau'in da ya fi shahara, Texas Hold'em, kati 52 ne. A ba kowa biyu a kife, a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya, ana zuba kuɗi a tsakani. Hanyar ci biyu ce. Ko katinka ya fi na kowa in aka buɗe, ko ka zuba kuɗin da zai sa kowa ya ajiye nasa ya bar maka, ko da ba ka da komai. Wannan ta biyun ita ce burga, kuma ita ce finafinai suka fi nunawa.

Burga ba hauka ba ce. Tun a 1944 masanin lissafi John von Neumann da abokin aikinsa Oskar Morgenstern suka nuna a littafinsu cewa dole mai wasa ya riƙa yin ta jefi-jefi, in ba haka ba duk sanda ya zuba kuɗi an san yana da kaya, kowa ya gudu. A watan Janairun 2017 ma wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta yi kwana 20 tana karawa da gwanaye huɗu a birnin Pittsburgh, hannu 120,000, ta lallasa su, kuma da burga a cikin wasanta. Sai dai duk wannan lissafi an gina shi ne a kan cewa wanda ke gabanka yana tunani, yana karanta ka.

Ciwon ɗan koyo a foka guda ne: ba ya iya ajiye kati. Shi dai a buɗe ya gani. To wanda ba ya ajiyewa, ta yaya za ka kore shi da burga? Hanyar ci ta biyu ta toshe ke nan, saura ta farko. Shi ya sa duk shawarar da gwanayen wasan ke bayarwa ba ta wuce ta Baba mai dara ba. Kada ka shiga sai da kati mai kyau. In ka samu, ka zuba da yawa, kada ka ɓoye, zai biyo ka. Ka nemi zama a hagunsa don ya riga ka motsi ka ga abin da ya yi. Ranar da mai bi-bi ɗin nan ya ɗago kai ya ƙara kuɗi da kansa, ka yarda da shi ka ajiye, domin irinsa ba ya ƙarya. Wani marubucin foka, Mike Caro, har suna ya raɗa wa cutar gwanayen da ba sa iya haƙura da wasa a miƙe, sai sun nuna wa majalisa sun iya.

Ga ɗan lissafi, ku biyo ni a hankali. A ce akwai naira 1,000 a tsakiya, saura kati ɗaya a buɗe. Ɗan koyo yana da kati huɗu iri ɗaya, yana jiran na biyar ya cika. Katin da za su cece shi tara ne cikin 46 da bai gani ba, wato bai ma kai sau ɗaya cikin biyar ba. Gwani ya zuba 1,000. Yaro ya bi da 1,000 don ya ci 2,000. A yi haka sau biyar: sau huɗu ya yi asarar 4,000, sau ɗaya ya ci 2,000. An bar shi da ramin 2,000. Amma wanne zai riƙa ba da labari a majalisa? Wancan ɗayan da ya ci.

Kuma dole ya ci wani lokaci, a nan ne gwanaye da yawa ke zubar da girmansu. Kati biyu mafi ƙarfi da ake iya raba wa mutum a foka, in aka gwada su da kowane irin kati biyu, kusan sau 85 cikin 100 suke ci. Sau 15 suna faɗuwa. A Whot sa'a ta fi haka yawa ma. Sai ka ga babban mutum yaro ya cinye shi sau biyu a jere, zuciya ta ɗebe shi, ya ce a sake rabawa, ya fara jefa kati da fushi don ya rama. Daga wannan lokacin babu sauran gwani a wurin, 'yan koyo biyu ne ke wasa, ɗaya da furfura.

Akwai kuma hatsarin yi wa mutum kallon ɗan koyo alhali ya wuce nan. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ta intanet ya samu gurbi da 'yan daloli kaɗan, ya shiga babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas, gasar da aka fara tun 1970. Mutum 839 suka shiga. Aka tankaɗe aka rairaye, ya rage daga shi sai Sam Farha, gogaggen ɗan wasa ɗan asalin Labanan. A wani hannu Moneymaker ba shi da komai, ya tura duk abin da ke gabansa. Farha ya fi shi kati, ya daɗe yana nazari, ya ajiye. Burgar ta ci ne don an yi wa mai tunani. Akantan nan ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Amma ku ji abin da ya biyo baya, don shi ne ya kawo ni. Labarin ya bazu, kowane mai kwamfuta ya ce shi ma zai iya. A 2004 mutum 2,576 suka shiga gasar, a 2006 suka kai 8,773. Ambaliyar sababbin shiga ke nan, kuma gwanaye suka yi shekaru suna kiwo a kansu. Nasarar mutum guda ita ta jawo dubbai zuwa teburin. Darasin da ake fara koya wa mai son cin abinci da foka ma ba na kati ba ne, na zaɓen teburi ne: leƙa ka ga inda masu rauni suka taru, ka zauna a can. A nan na raba hanya da su. A gindin darbejiya, in Baba ya gama da kai zai mayar da 'ya'yan inda suke ya ce, "Zo ka ga inda ka ɓata." Riba ce gare shi ka iya, don ya samu abokin wasa. Inda kuɗi ya shiga, riba ita ce kada ka taɓa iyawa, kuma kada ka daina zuwa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, wa ke buga foka a nan Tudun Wadar Zariya? Ba a buga ta sosai, gaskiya ne. Amma ku dubi samarin da ke duƙe a kan waya ranar Asabar suna haɗa tikitin ƙwallon Turai. Wa ke zaune a ɗaya gefen teburin? Kamfani ne, kuma wasan da yake yi musu shi ne wanda na kwatanta tun ɗazu. Ba ya burga, ba ya fushi, ba ya gaggawa, kuma yana barin su su ci jefi-jefi.

Ga misali. Wasa ne da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. Ɗanjuma ya sa 1,000 a wannan, Ɗanlami ya sa 1,000 a wancan. Adalci shi ne wanda ya ci ya ɗauki 2,000. Kamfani ya ce 1,900 zai biya, ya riƙe 100. Kashi biyar cikin ɗari, ba ya ko ciwo. To amma saurayinmu ba wasa ɗaya yake sawa ba, goma yake jerawa a tikiti guda da naira 100, don ya ga an rubuta masa dubbai a ƙasa. Damar cin wasa goma irin wannan a jere ɗaya ce cikin 1,024. Da adalci za a bi, naira 102,400 ya kamata a biya shi. A wancan farashin, abin da za a rubuta masa kusan 61,300 ne. Kason kamfani ya tashi daga kashi biyar zuwa kusan kashi arba'in, ba tare da an canza komai ba sai tsawon tikitin, kuma shi ya tsawaita da hannunsa. Farashi yakan bambanta, wasu ma sukan ɗora ɗan gyara a kai don jan hankali, amma ginin ke nan.

Sannan ga maganar da kowa ya sha ji a wurin mai shayi: "Wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata min!" Yana faɗa yana nuna maka wayar, koraye tara, ja guda. Gani yake ya kusa. A lissafi, hanyar cin goma cif guda ɗaya ce, hanyar cin tara a faɗi ɗaya kuwa goma ce, domin kowanne daga cikin wasannin goma yana iya zama mai ɓatawar. Wato "saura ƙiris" ya ninka ci sau goma wajen faruwa. Ba alamar ya iya ba ce. Ita ce ke dawo da shi mako mai zuwa, wani da kuɗin cefane, wani da kuɗin makaranta, wani da cinikin ubangidansa.

Hukumomi sun fara motsi. A watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko da abin da ke cikinta. Saboda haka maganar tana hannun jiharmu ta Kaduna, babu sauran cewa sai Abuja. Sai dai kwaɗo a ƙofar shago ba ya rufe wayar da ke aljihu.

Abin da nake ganin yana hannunmu shi ne wannan lissafin da na yi yanzu. Bai wuce na ɗan sakandare ba. Malaman lissafi na Barewa da Alhudahuda da sauran makarantunmu, in kun zo darasin yiwuwar aukuwar abu, ku ɗan ajiye misalin kwabo da ɗan ludo. Ku zana tikiti mai wasa goma a allo, ku sa yaran su ninka biyu sau goma da kansu, su ninka 1.9 sau goma, su cire wannan daga wancan, sannan ku tambaye su aljihun wa ragowar ta shiga.

Nan za mu dakata a yau. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A huta lafiya.